Sawu a Bakin Akurki

"Maimaita! Na ce ki maimaita a gaban jama'a, in kin haifu!"

"Na maimaita ɗin. Kaza ba ta da hankali, amma ta fi wasu masu ita."

"Kun ji ko? Kun ji da kunnuwanku!"

Uwar Layi ce ke wannan kururuwar a ƙofar gidan Tela, tsohuwa mai ɗinki da ke mayar mata da martani, ɗankwalinta ya zame har ƙeya, ta riƙe mushen kazar maƙwabta ta ƙafa tana kaɗa shi kamar tuta. Ba wanda ya naɗa ta uwar layi. Ita ta naɗa kanta tun shekarun baya, mutane kuma suka ga biyayya ta fi sauƙi a kan jayayya da bakinta.

Layin nan gidajen haya ne ƙanana, a jere kamar haƙora, duk na mutum ɗaya. Kowane gida da 'yar tsakar gidansa, kowace tsakar gida da akurkinta. A da can, in gari ya waye, carar zakaru ba ta barin ko malalaci ya makara, ƙwai kuwa kyautarsa ake yi ta kan katanga. Sai ga shi a wannan daminar kaji sun kama mutuwa. Kaza za ta ci ta sha da yamma, da safe a tarar da ita a sandare, zankonta ya yi shuɗi, kashinta kore shar. Gida bayan gida aka yi ta kwasar mushe, har layi ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Gida ɗaya ne abin bai taɓa ba, na Tela, can ƙarshen layi. Kajinta na nan ɓul-ɓul suna tone-tonensu.

"An ga ta sayi maganin ɓera," in ji matar Direba.

"Ni ma na ji da kunnena ranar da ta ce Allah ya kashe kajin layin nan, don sun taka mata yadi," in ji wata.

Mai Haya ya iso yana share zufa. Yaro ne matashi, gadon gidajen ya yi, bai gaji haƙurin ubansa ba. Ya ce, "Inna Tela, ni ba na son tashin hankali. Mutane sun ce ko ke ko su. In wata ya mutu ba a gano wani mai laifin ba, sai ki nemi wani wurin."

Tela ta juya. Ta dubi ƙofar ɗakin da aka kawo ta tana amarya, ɗakin da mijinta ya cika a ciki, ta shige ta saki labule.

Duk wannan abin a kan idon Baba Sawu aka yi shi, yana zaune a bencinsa gindin bishiya, haɓarsa bisa kan sanda.

* * *

Yaran yanzu ba su san ko wane ne Baba Sawu ba, ganinsa suke tsoho mai gyangyaɗi. Amma a zamaninsa, in aka saci saniya ko aka fasa shago, shi ake aika wa kafin 'yan sanda. Zai durƙusa ya dubi ƙasa, ya ce ɓarawon gajere ne, yana ɗingishi da hagu, kuma ya tsaya ya sha taba a gindin wancan dutsen. A je a tarar haka ne. Sai aka zuba kwalta ko'ina, aka shafe tsakar gidaje da siminti, ɓarayi suka koma hawa babur, sana'a ta mutu a tsaye. Yakan ce, "Ƙasa ta daina magana, ni ma na yi shiru."

Masu dogon baki suna cewa da Tela da Uwar Layi, a wata ɗaya aka kawo su layin nan, kuma sun yi ƙawancen da ko tsinke ba ya shiga tsakani. Wai wata riga ce ta raba su, wadda Tela ta ɗinka wa Uwar Layi za ta je biki, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aka yi mata dariya a taro. Wasu kuma suka ce rigar fakewa ce kawai, asalin abin shi ne Baba Sawu, lokacin yana da gashi baƙi da ƙirji, ya fi yawan kai ɗinki gidan Tela fiye da yadda kayansa ke yagewa. Allah ne masani. Abin da kowa ya sani dai, tun daga ranar ko gishiri ba su ƙara ara wa juna ba.

Da rana ta yi sanyi Baba Sawu ya ja sandarsa ya yi sallama a gidan Tela. Ya tarar da ita gaban keken ɗinki, ƙafa a kan mataki amma keken ba ya motsi.

"Ka zo ganin mai guba?"

"Na zo a ɗaura min maɓalli."

"Rigarka ba ta da ramin maɓalli, tsohon banza."

"To na zo tambaya. Kin sayi maganin ɓera?"

"Na saya. Ɓeraye sun cinye min gefen yadin mutane. In bar su su yi min ɗinkin?"

"Kin tsine wa kajin layi?"

"Na tsine. Kai ma na sha tsine maka, ga ka nan da ranka."

Ya yi dariya har da tari. Da zai fita sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Sawu, ina zan kai keken nan? Ƙafafunsa sun yi rami a daɓen ɗakin nan. Ko'ina na kai shi rawa zai yi."

Ya ce, "Bar shi inda yake."

* * *

Ya fara da mai sayar da maganin ɓera, wanda ke da tebur a bakin titi.

"Tela ta saya a wurinka?"

"Baba, wa bai saya ba? Matar Direba ta saya, Uwar Layi ta saya, kai kanka ka saya bara, ka dawo kana cewa ɓerayenka ƙiba suka yi."

"Kaza in ta ci, yaya take mutuwa?"

"Wallahi nawa ko ɓeran ma sai ya yi niyya."

Ya wuce wurin mai dusa, don wasu sun fara cewa ko abincin ne ya ruɓe. Mai dusa ya rantse har da dafa buhu. Ya ce buhun da ya auna wa matar Direba, daga shi ya auna wa Tela a rana ɗaya, da kwano ɗaya. In dusa ce, me ya sa ta zaɓi gidajen da za ta yi kisa?

Matar Direba kuwa cewa ta yi da idonta ta ga mutum da farin mayafi yana leƙen akurkinta da sassafe. Da Baba Sawu ya matsa mata, sai mayafin ya zama ruwan toka, da ya ƙara matsawa, sai mutumin ya zama surukarta da ta fito shanya.

Ya koma bencinsa, bai samu ko zare ɗaya ba. Ya ce a ransa, in ɓarawo bai bar sawu a ƙasa ba, to ya bar shi a cikin abin da ya taɓa. Ya nemi tsohon kwali, ya bi gidaje ya karɓi mushen da ba a riga an yar ba, kowanne ya ɗaura masa tsumma mai launi dabam a ƙafa don kada ya manta gidansu. Mata suna ta toshe hanci suna cewa tsufa ya fara taɓa shi.

* * *

'Yar ƙanwarsa tana aiki a ɗakin awo na likitocin dabbobi. Malamar Awo ake ce mata, amma shi Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Tana ƙarama takan bi shi daji, yana nuna mata bambancin sawun akuya mai gudu da na mai kiwo.

Ɗakin fari ne fat, yana warin magani, ga kwalabe a jere, ga wani akwati mai ɗumi yana gurnani a lungu. Ta sa safar hannu, ta buɗe kajin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna masa hantarsu da ta yi ɗigo-ɗigo fari. Ta shafa jini a ɗan gilashi, ta zuba masa launi, ta tura ƙarƙashin madubin awo.

"Kawu, sa idonka a nan."

Ya rufe ido ɗaya ya leƙa. "Kai! Su wane ne waɗannan? Gajeru, kai biyu baƙi, tsakiya fari, kamar fil ɗin da ake maƙale zanen jariri."

"Ƙwayoyin cuta ne. Duk kajin da ka kawo suna da su."

Ya buga sanda a ƙasa. "Shi ke nan! An kama ɓarawo. Tashi mu je mu gaya musu."

"Zauna, Kawu. Wa ya koya min cewa ganin mutum a bakin garke ba ya mai da shi ɓarawon sa?"

"Wani tsoho mai surutu."

"To mu ma tsofaffinmu na aikin nan sun bar mana sharuɗɗa huɗu kafin a ɗora wa ƙwayar cuta laifi. Sai an same ta a jikin duk wanda ya kamu, a duba masu lafiya kuma a rasa ta."

"Sawu ɗaya a duk gidan da aka yi sata, babu shi a gidan da ba a shiga ba."

"Haka ne. Sannan a kamo ta ita kaɗai, a raine ta a faranti ba tare da kowa ba, don cikin mushe taron kasuwa ne, kowace irin ƙwaya tana zuwa cin gawa."

"A fitar da mutum daga cikin 'yan kallo. Na gane. Sai me?"

"Sai a ba mai lafiya ita, a ga ko zai yi irin cutar sak. In ya yi, a sake shiga jikinsa a kamo ta, a tabbatar ita ce dai wadda aka saka, ba wata ba."

Idon Baba Sawu ya tafi nesa. Ya ce, "Haka muke yi. In mun kama mutum, sai a share fili, a yayyafa rairayi mai laushi, a ce taka. Ya taka, a gwada da wancan. Na taɓa ganin an kusa kashe wani bawan Allah don kawai takalminsa ya yi kama da na ɓarawo, da ya taka rairayi sai ga shi yana jan dunduniya, ɓarawon kuwa ba ya ja. Ashe ku ma bin sawu kuke yi, kun dai samu inuwa da fanka."

Ta ɗauko farantan gilashi masu murfi, a ciki akwai wani abu ja mai daskarewa kamar kitse. Ta ja zane a kai da ɗan ƙarfe, ta jera su a akwatin ɗumi. Ta ce, "Abu ɗaya ya rage. Ina buƙatar kaji masu lafiya daga layin, in duba su, kuma a ba ni biyu in yi gwaji. Ɗaya ba za ta dawo ba."

A layin kaf, gida ɗaya ne ke da su.

* * *

Kajin Tela ba sayensu ta yi ba. Jikokin jikokin wata jar kaza ce da mijinta ya kawo mata cikin hula a shekarar aurensu, ta kuma hana irin ya yanke. Da aka gaya mata abin da ake so, ta daɗe tsaye a bakin akurki.

"Wato sai na kashe tawa kafin a yarda ban kashe tasu ba."

"Gwaggo, in akwai wata hanyar da na bi ta," in ji Malamar Awo.

Tela ta kamo 'yan matan kaji biyu jajaye, haihuwar uwa ɗaya, ta shafa musu baya ta miƙa. "Kada ki gaya min wadda za ki ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ni ba na son sani."

Malamar Awo ta goga auduga a maƙogwaron sauran kajin gidan, ta tafi da ita. Ba a samu mai kai biyun a ko ɗaya ba. A farantan mushe kuwa ƙwayar ta tsiro, ƙananan ɗigo masu sheƙi kamar raɓa. Ta tsince ta ita kaɗai ta sake shukawa har ta fito tas babu gauraye. Ta sa kajin nan biyu a keji dabam-dabam, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, ta ba ɗaya ƙwayar, ɗayar kuma ruwan gishiri kawai.

Ba a daɗe ba ta aika wa kawunta. Ya zo ya ga ɗaya tana tsattsage dusa hankali kwance, ɗayar ta sandare, zanko shuɗi, kashi kore. Aka buɗe ta, ga hanta mai ɗigo, ga masu kai biyu a madubi, aka shuka a faranti suka sake fitowa su ɗin dai.

Labari ya riga shi isa layi. Ya zaci za a ji kunya a ba Tela haƙuri. Ina! Uwar Layi ta tsaya a tsakiyar hanya ta riƙe ƙugu. "To in ba guba ba ce, cuta ce, wa ya kawo cutar? Me ya sa ta tsallake gida ɗaya? Mai barbaɗa guba ba za ta iya barbaɗa cuta ba?"

Mata suka ce biri fa ya yi kama da mutum. Mai Haya ya ce shi maganarsa tana nan, wata kuma ya kusa mutuwa.

* * *

Washegari Baba Sawu ya koma gidajen, wannan karon ba bakin mutane ya je saurare ba. Tsoron guba ya hana mata share wurin akurki, laka ta bushe a gindin kwanon ruwa yadda take. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya hura ƙura a hankali. Rabon da ya yi haka har ya manta, sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe kamar ya haɗu da tsohon aboki.

Sawun kaji ne birjik, ƙanana. A cikinsu akwai wani babba, mai nauyi, yatsan tsakiya na ƙafar dama ya karkace waje. Ya same shi a gidan Direba. Ya same shi a gidan gaba, da na gaba da shi. A gidan Tela ya duba har ƙarƙashin akurki, babu.

Abin da ya tsayar da shi, sawun ba ya shigowa ta ƙofa, ba ya fita. A tsakiyar gida yake farawa, a nan yake ƙarewa. Ya ce, "Wanda ba shi da hanyar zuwa, ɗauko shi aka yi."

Ya tambayi matar Direba, "Wane babban zakara ne ya kwana a nan?"

"Au, Sarkin Layi mana, zakaran Uwar Layi. Ai kowa aronsa yake don iri. A kwando ake kawo shi. Shekara nawa muna yi!"

"Yaushe ya bar gidanki?"

"Ana gobe kajina za su fara... a'a, Baba, kada ka ɗauki alhaki. Zakaran nan lafiyarsa ƙalau, da asubar nan ma ya yi cara."

Ya koma ɗakin awo ya zube a kujera. "Uwata, na bi sawu ya kai ni ga marar laifi. Kin ce mai lafiya ba ya ɗauke da ita. Zakaran nan ya fi ni lafiya."

Ta yi murmushi. "Kawu, sharaɗin farkon nan yana da ɓaraka, su kansu waɗanda suka kafa shi sun gano haka daga baya. Akwai wanda zai kamu ya warke, ƙwayar ta maƙale masa a maƙogwaro, yana yawo garau yana raba wa wasu a kwanon ruwa. Kawo min shi in duba."

Ya sa sabuwar hula ya nufi gidan Uwar Layi.

"Na zo aron Sarki."

"Kai da ba ka da kaza, me za ka yi da zakara?"

"Makara nake yi. Ya riƙa tashina."

"Can wajen Telarka babu mai tashinka?"

"Nata ƙananan murya gare su. Zakara ai sai naki."

Yabo ya ratsa ta, ta shiga kamo shi. Kafin ta fito ya zagaya bayan akurkinta, wanda babu kowa a ciki sai Sarki. Ita dai abin da take gaya wa mutane shi ne ta sayar da kajinta tun farkon damina, da ta ga farashi ya yi kyau. A jikin katanga ya ga wuri ya ɗan lotsa, ciyawarsa ta fi ta ko'ina kore, ga alamar dunduniya inda aka daddanne ƙasa. Ya soka sandarsa, ta shige salamun alaikum. Da ya zaro, ga ɗan gashin kaza manne a bakinta. Ya cire ya sa aljihu.

* * *

Ranar da za a yanke magana, a ɗakin Tela aka taru, don Mai Haya ya ce a yi ta a gabanta. Ɗakin ya cika maƙil, wasu a gado, wasu a tabarma, mai dusa da mai maganin ɓera a bakin ƙofa. Uwar Layi ta kame kujera ɗaya tilo. Kwandon Sarki na gefen Baba Sawu, an rufe da buhu.

Malamar Awo ta jera farantai uku a kan keken ɗinki, an naɗe bakinsu gam. Ta ce, "Wannan daga kajinku ne. Wannan daga kazar Gwaggo Tela, wadda na ba ƙwayar da hannuna ta mutu irin mutuwar naku. Ku duba, akwai bambanci?"

Aka leƙa, aka ce babu.

"Na ukun fa?" in ji Mai Haya.

"Shi ma irinsu ne. Kawu zai faɗi inda ya fito."

Baba Sawu bai yi sauri ba. Ya sa aka yayyafa toka mai laushi a kan tire, ya buɗe kwando, ya ɗora Sarki a kai. Zakara ya taka, ya miƙe wuya, ya yi cara a tsakiyar ɗaki kamar an gayyace shi. Ga sawu nan a toka, yatsan tsakiya ya karkace waje.

"Duk wadda kajinta suka mutu, ta je gindin kwanon ruwanta za ta ga wannan. Matar Direba, daga gidanki ina aka kai shi?"

"Gidan mai wanki."

"Bayan naki, kajin wa suka mutu?"

Mata suka shiga lissafi da kansu, wannan ta ce daga wurina ya je wurinki, waccan ta ce ni ce na roƙa a kawo min shi ranar kasuwa. Duk inda kwando ya sauka, mutuwa ta bi shi a baya.

"Farantin na uku daga maƙogwaronsa ne," in ji Malamar Awo.

"Gida ɗaya bai taɓa zuwa ba," in ji Baba Sawu, "gidan da ko gishiri ba a ara masa. Gabar da kuke yi ce ta tsare kajin Tela."

Uwar Layi ta miƙe. "Sharri ne! Zakarana lafiyarsa lau! In yana da cuta, me ya sa kajina..." Sai ta haɗiye sauran.

Ya zaro gashin kaza daga aljihu ya ajiye kusa da farantai. "Wa kika sayar wa kajinki, Yaya? Don na ga mai sayen a jikin katangarki yake zaune, kuma bai tafi da su ko'ina ba."

Uwar Layi ta koma ta zauna kamar an zare mata laka.

"'Yan kaji ne na sayo masu araha a kasuwa," ta ce da ƙyar. "Suka mutu, nawa suka bi su. Shi ma ya kwanta, na zauna a kansa ina ɗura masa ruwa har ya tashi. Da na faɗa, cewa za ku yi a yanka shi. Autana ne ya bar min shi ranar da zai yi tafiya, ya ce Inna, in ya yi cara ki ce ni ne ke gaishe ki. Yau shekara nawa ban ga yaron nan ba."

"Amma da kika ga namu suna mutuwa, sai kika nuna Tela," in ji matar Direba, wadda ta manta da farin mayafinta.

"Na zaci... ai nata ba su mutu ba!"

Mai Haya ya sunkuyar da kai. "Inna Tela, ki yafe min. Ɗakinki ne har iyakar rai."

Malamar Awo ta ce dole a wanke akurkai da magani, a ƙone na ƙonawa, a bar su su sha rana kafin a zuba wasu kajin. Sarki kuwa ba zai ƙara shiga gidan kowa ba. In Uwar Layi ba za ta iya rabuwa da shi ba, sai ya zauna a keji shi kaɗai, da kwanonsa, ita ma kada ta ƙara ajiye wata kaza yana raye.

Tela ta tashi ta kwashe farantan daga kan kekenta, ta goge wurin da gefen zane. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Jar kazata tana kwanci. In ta ƙyanƙyashe, kowane gida zai samu biyu, a mai da layi yadda yake." Ta juya wajen Uwar Layi. "Ke ma, ranar da kika shirya, naki na nan. Ke ce kika riƙe min uwarsu ta farko ranar da aka kawo ta a hula, ko kin manta?"

Uwar Layi ba ta manta ba, kowa ya gani a idonta. Baba Sawu har ya fara gyara zama, yana cewa a ransa yau za a ga abin da aka daɗe ba a gani ba. Ta sunkuya ta sungumi zakaranta ta rungume, ta ratsa mutane har bakin ƙofa, ta tsaya, ta share ido da bayan hannu, ta juyo.

"Riƙe tsiyarki. Kuma rigar nan tana nan a akwatina, har gobe hannun hagu ya fi na dama tsawo!"

"Kawo ta in rage miki," in ji Tela.

"Sai na ga dama!"

Ta fice, ta maka ƙofa garam, har fil-fil ɗin da ke kan keke suka zube ƙasa.